Sunan Da Ban Karanta Ba

Wata Juma'a da la'asar, saura minti biyar in shiga ɗakin watsa shiri, wani yaro ya miƙo min takarda. Sunayen 'yan wasa 18 ne na wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, Ladjifarani, waɗanda za su buga gasar hutu da matasan unguwannin Parakou kan shirya a tsakaninsu. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nakan karanta farashin masara da doya a kasuwar Arzeke, na saka kiɗa, na wuce labari na gaba. Sunayen da ke kan takardar na gani. Wanda babu shi a ciki ban lura da shi ba.

A daidai wannan lokacin, a wata rumfar gyaran babura da ke bakin titi, akwai mutumin da ya ƙara wa rediyonsa murya, ya ce wa yaran shagonsa su yi shiru. Shekara 11 yana tsare wa ƙungiyar nan raga. Shi ke wanke rigunan wasa a gidansa, shi ke ɗinke raga idan ta yage, kuma rabin waɗanda na karanta sunayensu a hannunsa suka koyi tare ƙwallo. Ya saurara har suna na 18, a gaban yaransa, bai ji nasa ba.

Bayan sallar magariba ya same ni a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙanena, da bakinka?" Na ce, "Yaya, wallahi takarda aka ba ni." Ya yi murmushi ya ce, "Na sani. Kowa takarda aka ba shi." Ya ta da babur ɗinsa ya tafi. Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kuwa ranar na zama maratayi ban sani ba. Tun daga daren nake juya tambaya guda a raina: idan kuɗi ya yi iyaka, wuri ma ya yi iyaka, dole sai an bar wani, wa ke da alhakin barin, kuma me ake bin sa?

Bari in koma baya kaɗan don mai karatu ya ga yadda aka yi. A shekarar da ta gabaci wannan, wani ɗan kasuwa ya ɗauko wa ƙungiyar unguwarsu 'yan wasa daga Kwatano, ya biya su da tsada, suka lallasa kowa suka ɗauke kofi. Sauran ƙungiyoyi suka ce ba za su sake shiga ba. Sai masu shirya gasa suka kafa doka: kowace ƙungiya sunaye 18 kawai, kuma abin da za ta raba wa 'yan wasanta a gasar baki ɗaya kada ya wuce jika 100, wato sefa 100,000. Ina wurin aka yanke wannan shawara, kuma na yabe ta a rediyo.

A ƙungiyarmu rabon ya kasance haka: mutum 17 kowa jika 5, tsohon gola kuma jika 15, saboda shi magidanci ne, kuma rufe shago yake yi duk ranar wasa. An cika 100 cif. Ana nan sai koci ya hango wani yaro mai cin raga a Djougou, garin da kakanninmu fatake ke kira Zugu a kan hanyarsu ta sayo goro a Gwanja. Tsakaninmu da can ya haura kilomita 130, don haka yaron ba zai iya zuwa da komawa a ƙasa da jika 15 ba. Akwai kuma ƙaramin gola a ƙungiya mai karɓar jika 5. Koci ya duba takarda, ya soke suna ɗaya, ya rubuta wani. Da na same shi da maganar, amsarsa ita ce, "Ba ni ba ne, doka ce. Lissafi ne ya fitar da shi."

Wannan abu da ya faru a filin ƙura na unguwarmu, shi ne ake yi da miliyoyin dalar Amurka a wasu wurare, kuma babu inda aka tsaurara shi kamar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada da ake kira NHL. Wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ana koran wani ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa zuwa raga. Yawancinmu ba mu taɓa kallonsa ba, amma rigimarsa irin tamu ce. Masu ƙungiyoyi da 'yan wasa sun yi ta ja-in-ja a kan ƙayyade albashi har aka soke kakar wasa ta 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, ba a buga ko wasa ɗaya ba. Rabon da shekara ta wuce ba a ba kowa Kofin Stanley ba tun 1919. Da aka dawo a 2005 sai aka dawo da doka: duk arzikin ƙungiya, jimillar albashin 'yan wasanta kada ta wuce dalar Amurka miliyan 39 a kaka. Adadin yana hawa gwargwadon kuɗin da gasar ke samu, amma iyakar ɗaya ce a kan kowa, kuma ɗan wasa guda ba zai ɗauki fiye da kashi 20 cikin 100 nata ba.

Tambaya ta farko: ita dokar kanta adalci ce? Ni ina ganin adalci ce, kuma har yau ban yi nadamar yabon da na yi wa tamu ba. Daɗin gasa shi ne ba a san wanda zai ci ba. Idan mai kuɗi zai iya saye duk gwanaye, to wasa ya zama gwanjo, an riga an gama shi a ofis kafin a hura usur. Mu a Parakou mun san wannan zafi. Buffles ta Borgou ta ɗauki kofin ƙasar Benin a 2014 da 2017 da 2019. Daga baya Coton ta Ouidah ta ɗauka sau uku a jere, daga 2022 zuwa 2024. Ba na rage wa Coton komai daga ƙoƙarinta, amma duk wanda ke karɓar kiran masu sauraro irina ya san abin da magoya bayan arewa ke faɗa: yaron da muka raina, ranar da ya iya, ranar mai aljihu zai zo ya ɗauke shi.

Sai dai akwai ƙorafi mai nauyi a kan irin wannan doka, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Albashin mai gumi ake yi wa iyaka, ribar mai ƙungiya ba a yi mata. Ɗan wasa shekarunsa na cin abinci da ƙafarsa ko hannunsa kaɗan ne, rauni ɗaya na iya rufe masa kasuwa har abada, sannan a ce masa ga iyakar abin da zai samu don a kare attajirai daga rige-rigen junansu. Shi ya sa 'yan wasan NHL ba su yarda haka kawai ba. An haɗa iyakar sama da iyakar ƙasa, wato akwai adadin da dole kowace ƙungiya ta kashe a kan albashi, ba ta da ikon yin rowa. Tun yarjejeniyar 2013 kuma rabin kuɗin da wasan ke samarwa na 'yan wasa ne, rabi na masu ƙungiyoyi. Mu a gasarmu mun sa iyakar sama muka manta da ta ƙasa, kuma na san ƙungiyar da ta fake da dokar ta ba yaranta kuɗin ruwan leda kawai. Iyakar da ta tsare mai kuɗi ba ta tsare mai gumi ba, rabin adalci ce.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Idan an yarda da iyaka, an yarda ke nan cewa wata rana za a rabu da mutumin kirki ba don ya yi laifi ba. A 2010 ƙungiyar Chicago ta ɗauki Kofin Stanley bayan shekara 49 tana nema. Nasarar ce ta zame mata kaya, domin wanda ya ci kofi farashinsa hawa yake yi, iyaka kuwa ba ta san biki ba. Cikin 'yan makonni suka rabu da Dustin Byfuglien da Andrew Ladd da Kris Versteeg. Golan da ya tsare musu raga har kofin, Antti Niemi, mai sasanci ya yanke masa albashin dala miliyan 2.75, ƙungiya ta ce ba za ta iya ba, ta sake shi. Magoya baya sun ji ciwo. Amma Chicago ta sake ɗaukar kofin a 2013 da 2015. Ba za a ce shugabanninta sun yi kuskure ba.

A nan ne nake rabuwa da abokaina masu cewa halacci ya fi komai, a bar tsoho a wurinsa ko da ƙafarsa ta mutu. Suna kallon wanda aka fitar, ba sa kallon wanda ba a shigar ba. Yaron Djougou shi ma ɗan wani ne. Shi ma yana da uwa da ke jiran ta ji sunansa a rediyo. Idan wuri 18 ne, duk halaccin da ka yi wa mutum ɗaya da gurbin wasa, daga rabon wani ka ciro shi, kuma wanda ka ciro daga rabonsa yawanci ƙarami ne marar murya. Kyautar da aka yi da kayan wani ba ta zama karamci. Masoya Kano Pillars sukan kawo min misalin Rabi'u Ali Pele, wanda ya haura shekara 40 yana sanye da rigar Sai Masu Gida. Amma Rabi'u ba sadaka aka yi masa da gurbi ba. Ya ci gaba da jefa ƙwallo a raga, shi ya riƙe wurinsa da ƙafarsa. Da tausayi kaɗai ke riƙe da shi, da shi ne zai fara jin kunya.

Saboda haka ban ce koci ya yi laifi don ya zaɓi yaron ba. Laifinsa yana cikin maganar nan: "Lissafi ne ya fitar da shi." Na zauna da biro na gwada. A cikin mutum 17 masu jika 5 akwai ɗan ƙanen Alhajin da ke ɗaukar nauyin ƙungiya, yaron da bai taɓa buga minti goma ba. Da shi aka cire, aka roƙi tsohon gola ya sauko zuwa jika 5, ga yadda za ta kasance: mutum 16 jika 80, gola jika 5, yaron Djougou jika 15. Sunaye 18, kuɗi 100, doka ba ta karye ba. Wataƙila gola ya ƙi. Wataƙila Alhaji ya yi fushi ya janye hannunsa. Amma hanyar tana nan, kuma ba wanda ya gwada ta. Abin da lissafi ya faɗa kawai shi ne ba za a iya riƙe kowa ba. Bai ambaci sunan kowa ba. Mutum ne ya duba ya ga fushin Alhaji ya fi tsada a kan fushin mai gyaran babur, ya zaɓi mai araha, sannan ya jingina wa doka.

Wannan fakewa da lissafi ba a unguwarmu ta tsaya ba. Kowa na tuna watan Agusta na 2021, lokacin da Barcelona ta ba da sanarwar cewa Lionel Messi zai tafi, duk da ya yarda a rage masa rabin albashi, saboda dokar La Liga ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe gwargwadon samunta da bashin da ke kanta. Mutumin da ya zo musu yana ɗan shekara 13, ya ci musu ƙwallo 672, ya tsaya gaban 'yan jarida yana share hawaye. Gaskiya ne doka ce ta hana a yi masa rajista. Amma ba doka ce ta sayo Coutinho da Dembele da Griezmann kowannensu a kan sama da yuro miliyan 100 ba. Mutane ne suka cika buhun shekara da shekaru, da ya ƙi ɗauruwa aka ce laifin igiya ne. Duk lokacin da shugaba ya ce hannunsa a ɗaure yake, yana da kyau a tambaya wa ya ɗaure shi, kuma yaushe.

Kwana tara kafin sanarwar Barcelona, wani abu ya faru a NHL wanda ya fi kama da namu. Marc-Andre Fleury gola ne da ya ɗauki Kofin Stanley sau uku da Pittsburgh. A 2017 ya koma sabuwar ƙungiyar Vegas, ya kai ta wasan ƙarshe a kakarta ta farko, ya zama shi ne fuskar ƙungiyar a garin. A watan Yuni na 2021 aka ba shi kyautar golan da ya fi kowa a gasar. Amma shekarunsa 36, albashinsa dala miliyan 7, ƙungiya na da wani golan mai karɓar miliyan 5, iyakar albashi kuma ta tsaya cik a miliyan 81.5 saboda annobar korona. Ranar 27 ga Yuli aka miƙa shi ga Chicago, aka karɓi wani matashi da bai taɓa buga babbar gasar ba. Abin da Vegas ke nema shi ne sararin miliyan bakwai ɗin nan. Wakilinsa ya ce a Twitter Fleury ya ga labarin kafin kowa daga ƙungiya ya kira shi. Shugabannin ƙungiyar sun ce sun sha gaya masa hakan na iya faruwa, labari ne ya fita kafin a kammala. Ko ma yaya ne, abin da mutane suka riƙe har yau ba lissafin ba ne. Sun riƙe cewa mutum ya ji makomarsa a bakin duniya.

Ga inda tunanina ya tsaya. Wanda ke riƙe da biro bashi biyu ke kansa, kuma ba da kuɗi iri ɗaya ake biyansu ba. Na farko bashin ƙungiya ne da na yaran da ke jiran dama: ya ba da gurbi ga wanda ya fi dacewa, ko da zai ɓata wa aboki rai. Na biyu bashin wanda ya yi hidima ne, kuma wannan ba da gurbi ake biyansa ba. Ana biyansa da gaskiya, a faɗa masa ainihin dalili, ba a ce doka ce ba alhali zaɓi ne. Ana biyansa da lokaci, a gaya masa tun da wuri don ya nemi wata ƙungiya ko ya shirya abin da zai faɗa wa yaransa. Ana biyansa da fuska, wanda ya yanke hukuncin ya taka da ƙafarsa ya je, kada ya aiki takarda. Ana kuma biyansa da shawara, a tambaye shi ko yana da wata mafita, domin wanda ya yi shekara 11 a wuri ya san ƙofofin da baƙo bai sani ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin ko sefa biyar daga jika 100. Babu dokar ƙayyade albashi a duniya da ta ƙayyade su. Wanda ya hana su, rowarsa ce ko tsoronsa, ba talaucin ƙungiya ba.

Na san za a ce min wannan ta'aziyya ce kawai, wanda aka cire an cire shi, daɗin baki ba ya mayar masa da jika 15. Gaskiya ne ba ya mayarwa. Amma duk wanda aka taɓa sallama daga aiki ya san bambancin da ke tsakanin maigidan da ya zaunar da shi ya ce masa kasuwa ta karye, ga abin da ya sa kai na zaɓa, da wanda ya bari ya zo da safe ya tarar an canja kwaɗo. Na farko ya raba ka da albashi. Na biyu ya raba ka da albashi, ya kuma nuna maka cewa shekarun da ka yi ba su kai a dube ka ido da ido na minti biyar ba. Maganar ba ta ƙwallo kaɗai ba ce. Mai shago da zai rage yara, shugaban makarantar da kuɗin malamai ya gaza masa, uban da zai iya biya wa ɗa ɗaya kawai kuɗin jami'a, kowannensu yana riƙe da irin takardar kocinmu, kuma kowannensu zai ji sha'awar ya ce lissafi ne.

Gasar ta zo ta wuce. Yaron Djougou ya ci ƙwallo huɗu, ya kai mu wasan kusa da na ƙarshe. A wannan wasan ƙaramin gola ya saki wata ƙwallo mai sauƙi ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, aka fitar da mu. Masu goyon bayan koci suka ƙirga huɗu, masu goyon bayan tsohon gola suka ƙirga ɗaya, kowa ya ce gaskiyarsa ta fito. Ni ban ga ta fito wa kowa ba. Ko da mun ɗauki kofin, abin da aka yi a rumfar nan ranar Juma'a yana nan yadda yake.

Ni ma ban fita ba. Takarda aka ba ni, gaskiya ne, amma shekara nawa ina kallon mutumin nan a raga, kuma minti biyar sun isa in ɗaga waya in tambayi koci ko an gaya masa. Yanzu duk ƙungiyar da ta aiko min da sunaye, kafin in karanta sai na tambaya: waɗanda aka bari sun sani? Wasu kocin sukan ji haushi, su ce ba aikina ba ne. Nakan ce musu bakina ne za a ara.

Watanni bayan haka na kai masa babur ɗina gyara. Yana kwance ƙafar baya, bai ɗago ba, ya ce, "Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Yaron nan ya iya. Da koci ya zo nan ya ce min, Yaya, ga halin da ake ciki, wallahi da ni zan riƙa ɗauko shi daga tasha." Ya ɗaure ƙafar, ya ƙi karɓar kuɗina. Har yau bai sake taka filin ba, kuma tun da ya daina zuwa ba a sami wanda ya ɗinke ragar ba.